Bijimin Da Na Sayar Saboda Batir

Kun taso kuna jin ana cewa a gidanmu batir ya taɓa cinye bijimi. Wasunku sun ji maganar a bakin 'yan uwanku na gidan Yaya Sale cikin zolaya, wasunku kuma a bakin uwarku, Allah Ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa faɗarta ba sai ta yi murmushi ta kau da kai. Ni ban taɓa zama na ba ku labarin daga tushe ba, shi ya sa kuka ɗauka yayana mutum ne mai zafin zuciya da ya raba gandu a kan dabba ɗaya. Ba haka ba ne. A cikin rigimar nan shi ne mai gaskiya ta fuskoki da yawa, kuma ina so ku san haka tun ina da ƙarfin riƙe alƙalami.

A wancan zamani sana'ata gyaran batir ce da caji. Ina da 'yar rumfa kusa da tasha a Kiru, da wani tsohon inji da ke tari kamar mai asma. Direbobi su kawo batiran motocinsu, masu rediyo su kawo nasu, ni kuma in narka darma in gyara kan da ya cinye, in zuba ruwan batir, in liƙe da kwalta. Duk rigunana huda-huda ne, don ruwan batir ba ya ɗiga a tufa ya bar ta lafiya. Amma kwana a ƙauyenmu nake yi, can gaba da Badafi, inda muke gandu ɗaya da Yaya Sale a ƙarƙashin mahaifiyarmu Inna. Babanmu ya bar mana gonaki da shanun huɗa biyu, Fari da Ɗan Baƙi. Da aka raba gado, Fari ya faɗo hannun Yaya, Ɗan Baƙi ya faɗo hannuna, amma rabon a baki ne kawai, don bijimi ɗaya ba ya jan garma. Tare suke ci, tare suke aiki, mu ma tukunyarmu ɗaya.

Akwai abin da ba mu cika faɗa muku ba. Kafin a haifi ko ɗayanku mun yi 'yar fari. Ko tana raye ba ma kiran sunanta saboda kunya, bayan ta tafi kuwa sai ya zama ba ma iyawa. Ƙyanda ce ta ɗauke ta a wata bazara, tana fara tafiya, tare da yara da yawa na unguwarmu da na rugar Fulani da ke bayan rafi. A lokacin akwai allurar rigakafi, amma sai an ɗauko ta daga nesa a cikin akwatin ƙanƙara, kuma kafin ta iso garinmu sau da yawa ƙanƙarar ta zama ruwa, maganin ya mutu.

Shi ya sa ranar da wata ƙungiyar agaji ta kawo firiji mai aiki da hasken rana ɗakin shan maganinmu, gari ya fito kallo kamar an kawo amarya. Aka kafa faifan sola a kan rufi, aka ajiye manyan batira biyu a ƙasa, aka miƙa makulli ga Malama Talatu, ma'aikaciyar lafiyar da ke kula da wurin, wadda kowa ke kira Sista. Mace ce doguwa 'yar Tudun Wada, ba ta da yawan dariya, amma ta san sunan kowane jariri a ƙauyuka biyar. Da yake ni ne mai batir a garin, sai ta ɗora mini duba su duk ranar Juma'a kafin masallaci. In share kawunansu, in ƙara ruwa, in tafi. Shekara biyu firijin nan yana ƙugi a hankali, mata suna zuwa da goyo ranar Talata, mu kuma muka manta cewa abin da ke ƙasa yana tsufa.

A shekara ta uku, da zafi ya fara, Sista ta zo har rumfata a kan achaɓa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam Haruna, firijin nan da rana lafiya lau yake. Amma in na buɗe shi da safe, sai in ji shi kamar tulun da aka bari a rana."

"Sola ce ta lalace?"

"Kai ne masani. Ni dai jiya na zubar da magani da hannuna, ga shi an ce ƙyanda ta ɓulla wajen garin Ƙofa."

Na je na duba. Sola ba abin da ya same ta, tana zuba wuta kamar da bakin ƙwarya. Batiran ne suka gaji. Suna karɓa, ba sa riƙewa, kamar kwandon da ake ɗiban ruwa da shi. Sista ta ce ta rubuta takarda sama, an amsa mata cewa kyautar da aka yi ba ta haɗa da canjin batir ba, sai dai a jira, ba a kuma faɗi ranar da jiran zai ƙare ba. A ranar na fara gane abin da na ƙarasa rayuwata ina faɗa wa duk wanda ya tsaya a rumfata: samun wuta ba shi ne wahala ba, ajiye ta ne. Rana kyauta ce daga Allah, amma rumbun da za ka zuba ta a ciki, shi ne mai cin dukiya.

Na fasa batiran na gyara abin da zai gyaru, suka ɗan farfaɗo na mako guda, suka sake kwantawa. Daga nan sai wayo ya zo mini, irin wayon da ke zuwa wa wanda ya san rabin abu. Na taɓa zuwa madatsar Tiga na ga yadda aka tare ruwan damina, ana sakinsa kaɗan-kaɗan har rani ya fita. Na ce a raina, ai batir ma ruwa ne a cikinsa, me zai hana in faɗaɗa masa mazubi? Na samo manyan jarkoki na roba na yanke bakinsu, na ciro farantan darma daga matattun batiran motoci na jera a ciki, na cika su da ruwan batir har wuya. Mako biyu ina wannan aiki a bayan ɗakin shan magani, ban buɗe rumfata ba. Da na haɗa, suka ɗauki caji, har na aika a kira Sista ta zo ta ga abin mamaki. Washegari da safe firiji ya fi jiya ɗumi. Cikin haushi na jawo jarka ɗaya, ta tuntsure a hannuna na hagu. Tabon da kuke wasa da shi kuna yara, kuna cewa taswira ce, daga nan ya samo asali.

A nan bari in ɗan tsaya, don 'yar uwarku Zainabu, wadda ta yi karatun injiniyan lantarki, ta sa ni dariya da hawaye lokaci ɗaya a zuwanta na bara. Na ba ta labarin jarkokin nan ina jiran ta yi mini dariya, sai ta ce:

"Baba, ai ba ka yi wauta ba. Batirin darma ne ba ya ajiya a ruwa, a farantan yake ajiyewa, shi ya sa ƙarin ruwa bai ƙara maka komai ba. Amma akwai wani iri da a cikin ruwan wutar take zama."

Ta zana mini a ƙasa da tsinke. Tankuna biyu, kowane da irin ruwansa, famfo yana zagaya da su ta cikin wani akwati da aka raba tsakiyarsa da wata 'yar fata siririya don kada su gauraya. In kana son ajiya mai yawa, sai ka ƙara girman tanki. Ta ce irinsa ake tunanin kafawa don a tara wutar rana da za ta ishi gari guda, kuma yana daɗewa bai gaji ba. Na tambaye ta to me ya hana a cika ƙasa da shi. Ta ce tsada, Baba, sinadarin da ake narkawa a ruwan da 'yar fatar nan ba su da araha, sai mai dogon numfashi ne ke iya sayensa ya jira ya ci moriyarsa. Na ce ashe har yanzu ana nan inda na bari. Amma na ji daɗi da na san tunanin da ya ƙona mini hannu ba na mahaukaci ba ne.

Mu koma baya. Hannuna yana naɗe da tsumma na shiga Kano na tambayi farashin irin batiran da firijin ke bukata. Da mai shagon ya faɗa, na yi lissafi. Ko na sayar da injina da duk abin da ke rumfata ba za su kai ba. Na dawo na sami mai gari, aka yi shela, amma lokacin ne rumbuna suka yi ƙasa, kowa yana tattalin iri da abin da zai kai shi kaka. Abin da aka tara bai fi na mota zuwa Kano da dawowa ba. Ban ga laifin kowa ba.

Uwarku ce ta yi maganar. Tana da goyon Auwalu a lokacin, watansa takwas, saura kaɗan ya isa allurar ƙyanda. Da hantsi ne, tana tankaɗe a tsakar gida, ni kuma ina zaune ina kallon shanu a turke. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, Ɗan Baƙi zai kai?"

Na gane abin da take nufi, amma na yi kamar ban gane ba. Na ce zai kai ina?

"Ka ji ni sarai. Ni dai ba zan iya sake wanke ɗa na naɗe shi a zane in miƙa maka ba. In ana neman wanda za a zaga, a zage ni."

Kun ji wadda ta sayar da bijimin. Ni kai shi kasuwa kawai na yi. Ta hana ni faɗa tana raye, don kada dangi su ce mace ce ke juya ni.

Da yamma na sami Yaya Sale a ƙofar gida yana gyaran igiyar garma, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa yana shiri. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa. Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Yaya ba mai hayaniya ba ne, in ransa ya ɓaci muryarsa ƙasa take yi.

"Naka ne, ban isa in hana ka ba. Amma in tambaye ka. Fari da wa zai yi huɗa? Da kai?"

"Za mu yi haya, Yaya."

"A farkon damina? Wa zai ba ka shanunsa kafin ya gama tasa gonar? Bakuna goma sha huɗu ne a gidan nan, Haruna. Su ma 'ya'ya ne, yunwa ma tana kisa." Ya ajiye igiyar. "Kuma wannan batir da za ka saya, shekara nawa zai yi?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce biyu, in an kula da shi uku.

"To bayan uku me za ka sayar? Inna?"

In gaya muku gaskiya, tambayar tana nan daram har gobe. Inna da ke jin mu daga zaure ta ce mu shigo. Ta ce ita ba za ta raba mana gardama ba, don duk wanda ta ba gaskiya ta zalunci ɗayan. Abu ɗaya ta roƙa, kada maganar ta kai mu ga daina gaisawa.

Ranar kasuwa na ja Ɗan Baƙi da kaina. Fari ya yi ta kuka a turke har na fita daga gari ina jin sa. Da yake lokacin neman shanun huɗa ne, bai daɗe a kara, wato kasuwar shanu, ba, wani mutumin Doguwa ya saye shi. Kwana biyu bayan haka na sauke sababbin batira biyu a ɗakin shan magani. Sista ta tsaya tana kallona ina ɗaura wayoyi da hannu ɗaya da rabi. Ta riga ta ji labari, don a ƙauye ba a sayar da bijimi a ɓoye. Ba ta yi mini godiya da baki ba. Washegari da sassafe ta aiko a kira ni, ta buɗe firijin ta kama hannuna mai lafiya ta sa a ciki. Sanyi ya ratsa ni har kafaɗa.

"Gobe zan je in karɓo magani," in ji ta. "Ka gaya wa maiɗakinka ta shirya Auwalu in ya cika wata tara."

Ƙyanda ta shigo garin a ƙarshen bazarar nan, ba zan ce ba ta shigo ba. Ta kwantar da yara, ta ɗauki biyu da na sani, dukansu ba a kai su allura ba. Amma ba ta yi mana sharar da ta saba ba. Sista ta bi ƙauyuka da rugage da akwatin sanyi a bayan keke, tana ɗiba daga firijin nan kullum da safe.

Mu kuwa a gida, abin da Yaya ya faɗa shi ya faru, bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi huɗa suka yi shuka, mu muna bin gona da fartanya kamar zamanin kakanni. Wanda ya yi mana alkawarin haya ya ɗaga mana sau uku. Masarar da muka shuka a makare tun daga tsiro aka ga ba za ta yi komai ba. Wata safiya Yaya ya kira ni gaban Inna ya ce daga bana kowa ya riƙe gonarsa da tukunyarsa, ba don ƙiyayya ba, sai don kada wani ya sake yanke shawarar da za ta shafi cikin 'ya'yan wani. Inna ta yi kuka. Aka ja katangar zana a tsakar gidan da aka haife mu. Gaisuwa ba mu daina ba, saboda alkawarin da muka yi mata, amma ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau". Wannan shi ne abin da batiran nan suka ci na gaskiya, ba bijimi ba, kuma gandun bai sake haɗuwa ba har yau.

Saura gonar dawa ta bakin rafi, wadda ba a raba ba tukuna don ba wanda ya taɓa ta, ciyawa ta fara rufe ta. Na riga na cire rai da ita. Sai wata ranar Laraba da hantsi, ina wasa fartanya a ƙofar gida, na hango Jauro Bello, shugaban rugar bayan rafi, yana tafe da sandarsa a kafaɗa, yana jan wani ɗan bijimi ja mai tsayin ƙafa. Mutum ne da ba mu wuce gaisuwa da cinikin batirin rediyo da shi ba. Ya yi sallama, muka gaisa har da tambayar shanu da ruwa, sannan ya ce:

"An ce kai ne ka sayar da bijiminka don sanyin allura."

Na ce haka ne.

"Jikokina huɗu aka yi wa. Bana ba mu haƙa rami ko ɗaya ba a ruga." Ya miƙo mini igiyar. "Wannan bai taɓa ganin garma ba, kuma yana da taurin kai kamar mai shi. Ka riƙe shi har kaka. In ya koyi aiki, ribata ce."

Na yi ta jero masa addu'a. Matsalar ita ce ni ban iya horar da sa ba, duk garin an san wannan aikin Yaya Sale ne. Ga shi kuma Fari nasa ne. Na tsaya da igiya a hannu ina kallon katangar zana, na kasa ɗaga murya in kira shi. Ashe yana tsaye a bayanta, ya ji komai. Sai ga shi ya fito da karkiya a kafaɗa, yana jan Fari. Bai dube ni ba. Ya gaida Jauro, ya zagaya ɗan bijimin, ya duba haƙoransa da kofatansa, ya ce zai yi.

Ranar nan mun sha wahalar da ban taɓa sha ba a gona. Jan bijimin ya ƙi tafiya, in ya tafi ya yi gabas Fari ya yi yamma, sau biyu yana kwantawa a tsakiyar kunya. Ni ina gaba da igiya, Yaya yana baya da garma, Jauro yana gefe a gindin kanya yana dariya har da riƙe ciki. Sai wajen la'asar suka fara jan layi tare. Da muka kai ƙarshen gona muka waiwaya, kunyoyin nan sun karkace kamar sawun maciji. Na ce, Yaya, mutane za su yi mana dariya. Shi ne karo na farko da ya dube ni ido cikin ido tun ranar kasuwa. Ya share gumi da hularsa, ya ce:

"Dawa ba ta san karkatacciyar kunya ba. Ja mu je, Haruna, rana tana faɗuwa."

Na ja, muka juya.